Babi na Bakwai: Hannun da Ke Miƙa wa Soja Albashinsa

A ƙarshen watan Janairun 1993 aka biya sojojin Zayar albashinsu a Kinshasa da sababbin takardun kuɗi, kowace ɗaya zayar miliyan 5, da hoton shugaban ƙasa Mobutu Sese Seko a jikinta. Miliyan biyar ɗin nan ba ta wuce dalar Amurka biyu ba, don a lokacin farashin kaya na safe daban, na yamma daban. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Firaminista Étienne Tshisekedi, wanda ba ya ga maciji da Mobutu, ya riga ya shelanta cewa takardar ba halastacciya ba ce, 'yan kasuwa kuma suka bi maganarsa. Soja ya je gaban mai garin rogo ya miƙa albashinsa, ta ce ba ta karɓa. Ya je wurin mai kifi, haka. Ya koma bariki da takarda a aljihu, 'ya'ya na jiran abinci, bindiga tana rataye a inda ya bar ta.

Ranar 28 ga watan sojoji suka fantsama cikin gari suna fasa kantuna da gidaje. Mobutu ya sako musu rundunarsa ta musamman mai tsaron fadarsa, wadda ita ce kullum ake fara biya, kuma ake biya da kyau. Kafin ƙura ta lafa ɗaruruwan mutane sun mutu, cikinsu har da jakadan Faransa, Philippe Bernard, wanda harsashi ya same shi a ofishinsa. Ba wannan ne karon farko ba. A watan Satumban 1991 sojojin laima da ke kusa da filin jirgin sama na N'djili sun yi irin wannan bore kan rashin albashi, aka wawashe Kinshasa ƙarƙaf, har sai da Faransa da Beljiyam suka turo dakaru don kwashe mutanensu. Da 'yan tawayen Laurent-Désiré Kabila suka taso daga gabas a ƙarshen 1996, sojojin Zayar ba su tsaya musu ba. Gari bayan gari suka riƙa sacewa suna ja da baya, har aka shiga Kinshasa a watan Mayun 1997.

Idan ana maganar gyaran albashin soja, yawancin mutane tambaya ɗaya suke yi: nawa za a ƙara? Tambaya ce mai kyau, za mu zo kanta. Amma ƙasar Kwango, wato Zayar ɗin nan, wadda ta koma sunanta na da bayan faɗuwar Mobutu, ta nuna cewa akwai wata tambayar da ke gabanta. Tsakanin baitulmali da aljihun kurtu, hannu nawa kuɗin ke ratsawa, kuma hannun wa da wa?

An kawo ƙarshen babban yaƙin Kwango na biyu da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Pretoria a watan Disamban 2002. A 2003 aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Joseph Kabila yana shugaba, da mataimaka huɗu, biyu daga cikinsu, Jean-Pierre Bemba da Azarias Ruberwa, shugabannin 'yan tawaye ne. Aka amince a narkar da sojojin gwamnati da na 'yan tawaye da mayaƙan sa-kai na Mai-Mai su zama runduna ɗaya, wato FARDC. Sai aka ce kowane ɓangare ya faɗi yawan mayaƙansa. Yawan mutanenka shi ne yawan muƙaman janar da kanar da za ka samu, shi ne kuma yawan kuɗin da za a riƙa turo maka kowane wata. Wa zai faɗi gaskiya a irin wannan lissafi? Da aka tara alƙaluman sai ga su sun haura 300,000.

Ga yadda ake biya a wancan lokaci. Kuɗi tsaba ake fitarwa daga babban banki a Kinshasa, a miƙa wa hedikwatar soja. Ita ta tura wa kwamandan shiyya, shi ya ba kwamandan birged, shi kuma ya ba na bataliya, a haka har a sauko kan kyaftin ɗin da zai tara mutanensa a fili ya kira suna. Ƙasar ta ninka Nijeriya kusan sau biyu da rabi, kuma babu kwalta mai kyau da ta haɗa Kinshasa da birnin Goma na gabas, don haka a jirgin sama ake ɗaukar kuɗin, daga nan a mota ko a babur ko a kwalekwale. Albashin ƙaramin soja kuwa wajen dala 10 ne a wata.

Mu ɗauki misali don a ga abin da kyau. A ce bataliya ce mai mutum 800 a takarda, amma idan aka busa bigila 500 ne za su fito. Sauran 300 wasu sun mutu tun bara, wasu sun gudu sun koma gona, wasu ba a taɓa haihuwarsu ba. An fitar wa bataliyar nan dala 8,000. Dala 3,000 ta mutanen da babu su, wannan an riga an san masu ita. Ragowar 5,000 ma ba za ta iso cif ba, domin kowane bene da ta sauko sai an ɗan tsakura, a ce kuɗin jirgi ne, ko kuɗin man mota, ko gudummawar wani abu. Ranar biya kyaftin ya zauna a bayan tebur da jaka a gefensa, ya kira kofur, ya ƙirga masa rabin haƙƙinsa ya ce saura sai an turo. Kofur ya ƙame, ya sara, ya karɓa. Wurin wa zai kai ƙara? Mutumin da ya rage masa kuɗi shi ne mai ikon kulle shi a gadurum, shi ne mai zaɓen wanda za a tura bakin daga gobe.

Ɓarnar wannan tsari ta wuce kuɗin da aka sace. Sojan da albashinsa ke fitowa daga jakar kwamanda ya san wanda ke ciyar da shi, kuma ba ƙasa ba ce. Ranar da kwamandan ya ɓata da gwamnati ya nufi daji, mutanensa za su bi shi. Wanda kuma ba a biya ba zai biya kansa: ya gindaya itace a hanya ya riƙa karɓar kuɗi daga masu zuwa kasuwa, ya ƙwace akuya, ya tilasta wa ƙauyawa ɗaukar masa kaya. Manomin gabashin Kwango ya daɗe yana biyan albashin da Kinshasa ta riga ta rubuta cewa ta biya. Sannan ga babban haɗarin da ba ya bayyana sai ranar yaƙi. Janar yana duba taswira yana ganin bataliya cikakkiya a bakin gada, alhali rabinta suna ne kawai. Iraƙi ta ɗanɗana wannan. Bayan da birnin Mosul ya faɗa hannun ISIS a watan Yunin 2014, Firaminista Haider al-Abadi ya shaida wa majalisa a ƙarshen Nuwamban shekarar cewa binciken farko kaɗai ya bankaɗo sunayen bogi 50,000 a cikin rundunar ƙasar.

A watan Yunin 2005 Tarayyar Turai ta turo wata 'yar ƙaramar tawagar masu ba da shawara mai suna EUSEC, ƙarƙashin wani janar na Faransa, Pierre-Michel Joana. Ba su zo da tankoki ba. Abin da suka sa a gaba, tun daga ƙarshen shekarar, aikin akawu ne: a raba hanyar da umarni ke bi da hanyar da kuɗi ke bi. Kwamanda ya ci gaba da ba da umarni, amma kada albashi ya sake ratsa hannunsa. Kuɗi su tashi daga ofishin kuɗi na soja a Kinshasa kai tsaye zuwa ga jami'in biya na kowace birged, a tsallake kwamandojin shiyya, kuma a ajiye masu sa ido a birged-birged ɗin da aka riga aka haɗe, su ga an ƙirga wa kowa nasa.

Sai dai ba a biyan mutum kai tsaye sai an san akwai shi. Don haka aka shiga ƙidaya, kuma ita ce ta ci shekaru. Tawaga za ta sauka a bariki da kwamfuta da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsu da janareta. Kowane soja sai ya zo da ƙafarsa. Ya faɗi sunansa da muƙaminsa da rundunarsa, a ɗauki hotonsa, ya ɗora yatsu a kan gilashi, daga baya a ba shi katin shaida. Wanda ya yi rajista a wannan birged ya zagaya ya sake yi a waccan, na'ura za ta tona shi. Wanda ke kabari ba zai zo ba. Da aka kammala zagayen farko, wajen 2009, adadin ya tsaya a kusan 130,000. Adalci ne a faɗi cewa ba duk giɓin ne na bogi ba, domin a tsakanin an sallami dubban mayaƙa da suka ajiye makami a ƙarƙashin shirin da Bankin Duniya ya tallafa wa. Duk da haka, ko an cire waɗannan, abin da ya rage na sunayen da babu masu su ya isa a kafa wata rundunar.

Aikin ya yi amfani, kuma ba na son a raina shi. A birged ɗin da tsarin ya kai, soja ya fara sanin ranar biya da adadin da zai karɓa, kuɗin da aka ceto daga sunayen bogi kuma suka ba da damar ɗaga albashin sannu a hankali. Wanda bai taɓa zama da albashi mara tabbas ba zai yi wuya ya gane girman wannan. Matar soja takan iya karɓar bashin gari a wurin mai kanti ne idan mai kantin ya yarda cewa ƙarshen wata yana zuwa da wani abu. A Afganistan an ga irin haka ƙarara a 2009, lokacin da aka gwada biyan wasu 'yan sanda a lardin Wardak ta wayar salula, ta hanyar M-Paisa na kamfanin Roshan. Da saƙon kuɗi ya shigo musu, da yawa suka ɗauka ƙarin albashi aka yi musu, na kusan kashi ɗaya bisa uku. Ba a ƙara musu ko anini ba. Ranar ce kawai suka fara ganin albashinsu bai ratsa hannun kowa ba.

To me ya sa rundunar Kwango ba ta miƙe ba?

Abu na farko, kuɗin da ke isowa cif ɗin ba su da yawa. Dala arba'in ko hamsin a wata ba ta riƙe mai mata da 'ya'ya, ga shi sojojin ƙasar da yawa da iyalansu suke yawo, mata da yara suna biye da bataliya, suna kafa bukkokin leda da ganye a gefen sansani don babu gidajen bariki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shingen kan hanya bai tashi ba don an ba soja kati mai hoto.

Na biyu ya fi wuyar magani, kuma a nan nake ganin masu gyaran ba su zurfafa tunani yadda ya kamata ba. Sun ɗauki kwamanda a matsayin ɓarawo kawai, wanda za a kewaye shi a wuce. Akwai ɓarayi a cikinsu, manya ma kuwa. Amma kanar ɗin da ke daji da mutum ɗari biyar yana da buƙatun da babu wanda ya ware musu kuɗi. Mota na son mai. Wanda aka harba yana son magani. Wanda ya mutu yana son akwati, matarsa tana son kuɗin mota ta koma garinsu. Shi kansa kanar ɗin albashinsa na hukuma bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya ba shi muƙamin yana jiran kasonsa daga sama. Da albashin sunayen bogi ake toshe wasu daga cikin ramukan nan. Da aka rufe wannan ƙofa ba a cike ramukan ba, sai hannu ya koma kan abin da ya rage a buɗe: kuɗin abincin sojoji, kuɗin gudanar da yaƙi, alawus na bakin daga, da harajin haram a ramukan zinariya da kuza. Duk waɗannan ta hannun kwamanda suka ci gaba da bi.

Mu a Nijeriya mun san wannan rami na alawus. A watan Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a Akure, suna cewa ba a ba su cikakken alawus ɗinsu ba. A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan ƙasar da ta ba da dakaru dala 1,028 a kan kowane soja a wata, kuma ga gwamnati take miƙawa, ba ga sojan ba. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, Femi Falana ne lauyansu, daga baya aka sassauta hukuncin zuwa shekara bakwai, kafin a ƙarshe a sake su. Bore laifi ne a dokar soja, ba na jayayya da haka. Amma rundunar da ba ta buɗe wa ƙaramin soja wata ƙofar kai kuka kan haƙƙinsa ba, wadda ba ta bi ta gaban wanda yake ƙara ba, ita ta tura shi kan titi.

A Kwango siyasa ma ta yi nata. A farkon 2009 aka yi sulhu da 'yan tawayen CNDP, aka zuba dubban mayaƙansu da na wasu ƙungiyoyi cikin FARDC a gurguje, da muƙamansu da kwamandojinsu, ba tare da tacewar da aka yi wa na baya ba. Rajistar da aka sha wahalar haɗawa ta dagule, albashi ya riƙa makara watanni a lardunan Kivu, aka yi ta ƙananan bore. Bosco Ntaganda na CNDP, wanda kotun duniya ke nema a lokacin, ya zama janar a rundunar ƙasa, mutanensa kuma suka ci gaba da karɓar umarni daga gare shi. A watan Afrilun 2012 suka ɓalle, abin da ya haifi ƙungiyar 'yan tawaye ta M23, kuma rashin albashi mai kyau yana cikin koke-koken da suka fake da su. A watan Nuwamba suka kama Goma. Sojojin gwamnati da suka ja da baya zuwa garin Minova sun yi sata, sun yi wa mata da 'yan mata fiye da 100 fyaɗe. Babu yunwar da ke wanke wannan, kuma duk wanda ya ce albashi kaɗai zai gyara runduna, Minova ta ƙaryata shi. Ana buƙatar kotu mai hukunta janar kamar yadda take hukunta kurtu.

Akwai kuma waɗanda ƙidayar ta taka ba da niyya ba. Ba kowane sunan mamaci ne kwamanda ke ci ba. Wani lokaci matar mamacin ce ke karɓar albashinsa, da sanin kowa, domin shi ne kaɗai abin da ya tsaya mata a madadin fansho. Ranar da na'ura ta goge sunan, ita da marayunta aka goge. Haka tsofaffin sojoji, wasu tun zamanin Mobutu, da suka tsufa a cikin kaki saboda gwamnati ba ta da kuɗin sallamarsu. Ba sa iya yaƙi, ba a kuma iya korarsu. Dokar da aka kafa a watan Janairun 2013 kan matsayin sojan FARDC ta yi alkawarin fansho da kula da lafiya da alawus iri-iri, amma abin da ke rubuce ya yi wa abin da ke isa bariki nisa. Gyaran da ya fara da share sunaye kafin ya tanadi fansho, kan marasa ƙarfi yake fara sauka.

Mataki na gaba shi ne banki. Daga 2011, lokacin da Augustin Matata Ponyo ke ministan kuɗi, kafin ya zama firaminista a 2012, gwamnati ta fara mayar da albashin ma'aikata ta asusun banki, daga baya aka shigar da sojoji da 'yan sanda. A Kinshasa da Lubumbashi wannan ci gaba ne na gaske, domin yanzu ko jami'in biya ba ya taɓa kuɗin. A daji kuwa, inda yaƙin yake, banki mafi kusa zai iya zama tafiyar kwana biyu. Soja ba zai bar bakin daga ya je layi ba, sai ya wakilta wani, ko a tara katuna a ba mutum ɗaya ya je ya karɓo wa kowa. Hannun da aka kora ta ƙofa ya sami hanyar dawowa. Somaliya, wadda Amurka ta dakatar wa yawancin rundunarta tallafi a ƙarshen 2017 saboda almundahana, ta bi wannan hanya a 2019, ta ɗauki zanen yatsun sojojinta, ta cire dubban sunaye, ta koma biya ta asusu. Ita ta ci moriyar abin da Kwango ba ta da shi sosai a lokacin nata gyaran, wato al'ummar da ta riga ta saba da sayen komai da kuɗin waya.

EUSEC ta naɗe tabarmarta a 2016. M23 ta sake tasowa a ƙarshen 2021, gwamnatin Félix Tshisekedi, ɗan Étienne Tshisekedi, ta juya ga tsoratarwa: a watan Maris na 2024 ta ɗage dakatarwar da aka yi wa zartar da hukuncin kisa, a watan Yuli kuma kotun soja ta yanke wa sojoji 25 hukuncin kisa kan gudu daga fagen fama. Ta kuma ɗauko sojojin haya daga Romaniya. Da Goma ta sake faɗuwa a ƙarshen Janairun 2025, kusan 300 daga cikinsu suka miƙa wuya aka fitar da su ta Ruwanda, BBC kuma ta ruwaito cewa kwantiraginsu ya kai wajen dala 5,000 a wata, alhali sojan Kwango da ke rami ɗaya da su yana karɓar wajen dala 100. Ina ganin babu wata lacca kan kishin ƙasa da za ta shiga kunnen mutumin da ya san wannan lissafi.

Bukavu ta bi bayan Goma a watan Fabrairu. A ƙarshen Maris na 2025 ma'aikatar kuɗi ta sanar da ninka albashin sojoji da 'yan sanda. Matakin daidai ne, ya dai zo bayan an rasa manyan birane biyu, kuma a biranen nan bankuna sun kasance a rufe tun da 'yan tawaye suka shiga, ga iyalan sojoji da yawa da aka bari a can. Ƙarin yana bi ta asusu, hanyar da aka yi shekara ashirin ana gyarawa. Kuɗin abinci da na mai da na magani kuwa, waɗanda bataliya ke rayuwa a kansu tsakanin wannan albashi da na gaba, har yanzu kwamanda ne ke karɓa ya raba.